Allurar da Ta Ƙi Sauka

Baba Kwata ya samo sunansa ne daga gidan mai. Tun yana da baƙin gashi, da zarar allurar mai ta sauko kan kwata, to duk inda za shi ya dakata sai ya biya ya cika tanki. Abokansa direbobi suka ce ko mai naƙuda ya ɗauko, sai ya ce mata ta ɗan daure ya sha mai tukuna. Bai taɓa musawa ba, don sunan ya yi masa daɗi. Cewa yake direban da mai ya ƙare wa a hanya ba direba ba ne, fasinja ne ya zauna a kujerar da ba tasa ba. Ya sha faɗin haka a gaban mutanen da abin ya taɓa samu, ko a jikinsa. Mutum ne mai kirki, amma in aka zo maganar mota bakinsa ba shi da birki.

Duk ƙarfinsa a tuƙi ya ƙare, a wani kamfani mai sayar da keken ɗinki. Shi ke yawo da manaja gari-gari, but ɗin bayan mota cike da kawunan keke da kwalayen zare. Manajoji suka zo suka wuce, shi da motar suna nan. Da kamfanin ya tashi rufewa aka bar masa ita, don kowa ya san ba za ta yarda da hannun wani ba. Doguwa ce mai faɗin gaba, launin madara, giyarta a jikin sitiyari, kujerar gabanta shimfiɗe kamar benci. Ta girmi autarsa. A cikinta ya riƙa kai matarsa asibiti haihuwa, a cikinta kuma ya yi ta kai ta lokacin ciwon ajalinta. Yanzu samari kan tsayar da shi a titi su ɗauki hoto, wani ya yi ƙarfin hali ya tambaya ko ta sayarwa ce, shi kuma ya tambaye shi ko a gidansu ana sayar da kaka.

Bayan rasuwar matar tasa, motar ce ke fitar da shi daga ɗaki. Da safe ya goge ta, ya duba ruwa da baƙin mai, ya kai jikokinsa biyu makaranta. Daga nan ya biya wajen ƙanwarsa da ciwon ƙafa ya hana fita, su yi faɗansu na tsofaffi, da rana ya koma ya ɗauko yaran. Auta ce ke zaune da shi, ita da 'ya'yanta, saboda mijinta na aiki a wani gari mai nisa. Tana da shagon ɗinki a jikin gidan. Ita ke riƙe da gida, shi ke riƙe da hanya, babu mai shiga aikin wani.

Sai ga shi mai ya ƙare wa Baba Kwata a hanya.

Karon farko shi kaɗai ne. Mota ta yi tari, ta yi fizge-fizge, ta mutu. Ya dubi allura, tana ɗan sama da kwata, don haka ya buɗe bonet ya shiga neman laifi a wani wuri. Wani makanike na bakin hanya ya zo, ya danna bayan motar ya jijjiga ta da ƙarfi yana sauraro, ya ce, "Baba, ai tankinka ya bushe." Baba Kwata ya yi masa kallon raini, ya ja shi ya zo ya ga allura da idonsa. Ya murza makulli, sai ga allura kwance a ƙasa, ko motsi ba ta yi. Makaniken ya je ya samo mai a galan. Galan ɗin nan ya fi masa zagi ciwo.

Bai gaya wa kowa ba. Ya cika tanki, allura ta hau har sama yadda ta saba, ta riƙa saukowa yadda ta saba. Ya ce wa kansa rana ce ta haske masa ido.

Karo na biyu da jikokin a baya, da tsakar rana, a tsakiyar shataletale. Motoci suka yi ta danna masa hon, ƙaramar ta fashe da kuka, wasu matasa suka tura motar suka haye da ita kan dakalin gefen titi da wani irin gwaram. Aka kira Auta a waya. Ta iso a kan babur, zare na maƙale a jikin zaninta, ta fara rungumar 'ya'yanta tukuna sannan ta dubi ubanta.

"Wallahi tana sama da kwata," in ji shi. "Yanzun nan na duba."

Ta leƙa ta murza makulli. Allura na kwance. Da ta buɗe but don ta ɗauki jakunkunan yaran, ta ci karo da galan mai warin fetur, abin da ubanta ya yi shekaru yana yi wa masu yawo da shi dariya. Ta tambaye shi, bai iya ƙarya ba, ya ce wannan ne na biyu. Ta zare makullin ta jefa a jakarta. Wani maƙwabci ta ara wa makullin, ya zuba ɗan mai ya kawo motar gida, Baba Kwata na zaune a kujerar fasinja yana kallon gwiwoyinsa.

Da yamma ta same shi a ɗaki, ta zauna a bakin gado, ta yi magana a hankali yadda ake yi wa mara lafiya, kuma wannan lallashin ne ya fi ƙona masa rai. Ta ce akwai likita mai duba tsofaffi masu yawan mantuwa, su je ya gan shi.

"Ni za ki kai wa likitan mahaukata?"

"Ba na mahaukata ba ne, Baba."

"Na ce miki na duba allura!"

"Na ji. Amma ni ma na duba. Baba, 'ya'yana ne a cikin motar."

Sai ya ce ta fita masa daga ɗaki.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi masa daɗi ba. Yaran suka koma bin motar haya. Ƙanwarsa ta yi ta kira tana tambaya ko ya mutu ne ba a gaya mata ba. Shi kuwa ya goge motar da safe, ya zauna a benci yana kallonta. A fili fushi yake yi da Auta, amma a ransa tsoro ne fal. Ya san ya nemi tabarau alhali yana goshinsa. Ya san sunan ɗan maƙwabcinsa ya taɓa ɓace masa suna tsaye suna gaisawa. A da yana ɗaukan irin wannan abin dariya, yanzu kuwa kowanne ya dawo yana masa tsaye a rai. Idan idonsa zai ga kwata a inda babu kwata, to me ya rage masa da zai yarda da shi?

Abin da ya tashe shi daga bencin nan ba wani abin a zo a gani ba ne, tankin ruwan bayi ne. Wata safiya ya ja ruwa, tankin ya zube, amma bai ji ƙarar sabon ruwa na shiga ba. Ya ɗaga murfin, ya ga ƙwallon robar nan da ke tashi da ruwa ta tsaya a sama, ba komai a ƙarƙashinta. Ya ɗan buge ta da yatsa, ta faɗi, ruwa ya kama zuba. Baba Kwata ya tsaya da murfi a hannu har tankin ya cika. Ya tuna makaniken da ya jijjiga motar. Ya tuna gwaram ɗin da ta yi a kan dakali. Duka biyun, sai bayan an girgiza ta ne wani ya dubi allura.

Ya sami Auta a shago tana taka keke.

"Ba tuƙi zan yi ba," ya ce tun kafin ta buɗe baki. "Riƙe makullinki. Ki buɗe min but, ki ba ni aron safiyar nan."

"Baba, ina da ɗinkin mutane."

"Mutane ba za su yi yawo tsirara yau ba. Akwai abin da ke cikin tanki mai gaya wa allura yawan mai. Zan ciro shi mu gwada, ni da ke. In na same shi lafiya lau, makulli ya zama naki, ba zan ƙara tambayarki shi ba har in koma ga Allah."

Ta cire ƙafa daga kan keken. Ta san ubanta, in ya faɗi magana ba ya lashe ta. Ta ɗauko jakarta.

Ya buɗe ƙofar gida duka biyu don iska ta ratsa, ya ce kada wanda ya kunna ko ashana a tsakar gidan. Ya fara cire kan batir. Sannan ya fitar da safaya, ya naɗe kafet ɗin but, sai ga wani ɗan murfi mai kusoshi. A ƙarƙashinsa saman tanki ne, da wani faifan ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba, waya ɗaya na maƙale a tsakiyarsa. Ya share ƙasar da ta taru a gefen da tsohon buroshi, a hankali, don kada ko tsaba ta faɗa ciki. Wani zoben ƙarfe ne ke danne da faifan. Bai sa masa ƙarfe ba, ya ɗora guntun katako a haƙorin zoben ya riƙa bugun katakon da guduma.

"Me ya sa ba za ka buge shi kai tsaye ba?" in ji Auta.

"Ƙarfe da ƙarfe wuta suke haifarwa. Kina so mu tashi sama, ni da ke da ɗinkin mutane?"

Zoben ya yi gardama, ya yi gardama, sannan ya juya. Ya ɗaga faifan, warin fetur ya taso. Abin da ke ƙasa dogo ne, sai da ya karkata shi gefe, ya juya, ya sake karkatawa, kamar mai zaro ludayi daga tulu mai ƙaramin baki. Ya fito: ɗan akwatin ƙarfe a jikin faifan, siririn hannu mai tsawon kamu ɗaya da 'yan kai, a ƙarshensa 'yar kwalbar tagulla da makanikai ke kira fulota. Ya ce ta ba shi tsumma ya toshe bakin tankin, ta kawo masa ragowar wani yadi mai tsada. Ya ce tankin nan bai taɓa yin kwalliya irin ta yau ba.

Ya nuna mata yadda abin yake. Fulota na yawo a kan mai, in mai ya yi sama ta yi sama, in ya sauka ta bi shi. Hannun nan yana juyawa a jikin akwatin, akwatin kuma ya aika wa allura labari ta waya. Ya ƙara wa wayar tsawo, ya ɗaura wata daga jikin faifan zuwa ƙarfen mota, ya jawo abin nesa da tanki har gefen tagar direba. Ya mayar da kan batir. Aikin na mutum biyu ne dole, ɗaya na motsa fulota ɗaya na kallon allura, don haka Auta ta shiga ta zauna a kujerarsa ta murza makulli.

Bai taɓa jin tsoron ƙarfe ba sai ranar. Ya ɗaga fulota sama.

"Ta cika," in ji Auta.

Ya sake ta, ta faɗi da nauyinta har ƙasa.

"Ta kwanta."

Ya sake ɗagawa, ya sake saki. Allura ta hau, ta sauko, babu gardama. Auta ba ta dube shi ba. Muryarta ta yi ƙasa da ta ce, "Lafiyarta lau, Baba." Babu murna a cikin maganar ko kaɗan, da ma ta fi son a ce ita ce ba ta da gaskiya.

Ya jingina da ƙofar motar, abin na reto a hannunsa. Shi ke nan, ashe kansa ne. Har ya buɗe baki zai ce ta kashe, sai wani abu ya tsaya masa. Ai mai ba ya faɗuwa lokaci guda. Tafiya ce ke shanye shi kaɗan-kaɗan, yau ɗan wannan, gobe ɗan wancan.

"Tsaya," ya ce. "Sau ɗaya kawai."

Ya ɗaga fulota, ya tara tafin hannunsa a ƙarƙashinta, ya riƙa saukar da hannun a hankali yadda mai ke sauka. Auta na faɗa masa: ta bar sama, ta zo rabi, ta wuce rabi. Hannunsa ya ci gaba da sauka, sai ya ji nauyin ya bar tafinsa.

"Me ta ce yanzu?"

"Tana ɗan sama da kwata."

"Dubo nan."

Ta juyo. Fulota na tsaye a iska, tafin ubanta na can ƙasa, babu abin da ke riƙe da ita. Ta dubi allura, ta dubi fulota, ta sake duban allura. Ya sa yatsa ya ɗan bugi faifan. Fulota ta faɗi, allura ta bi ta ta kwanta, daidai yadda ta same ta a bakin shataletale.

Auta ta rufe baki da hannu. "Wayyo, Baba. Ashe gaskiya kake faɗa. Ka yafe min."

"Me kika yi? Abin da kika gani kika faɗa. Ni ma abin da na gani na faɗa." Daɗi ya cika shi har bai san inda zai sa kansa ba. Ya sake gwadawa, ta maƙale. Ya kuma gwadawa, ba don yana shakka ba, don dai ya ƙara kallo. Sai da Auta ta ce in bai bari ba batir zai mutu.

Laifin a mahaɗar hannun yake. Dattin tsohon mai ya daskare a wurin kamar ƙaro, ga tsatsa, ga hannun kansa ya ɗan karkace yana gogar gefen akwatin. Ya koma can gefe ya wanke mahaɗar da tsohon buroshin haƙori har ta saki, ta riƙa juyawa da ɗan taɓi. Sannan ya zura sanda cikin tanki ya yi alama, Auta ta ɗauko tef ɗin awonta ta auna zurfin, ta auna saukar hannun. Ya riƙe hannun da fulaya kusa da akwatin don kada ya ji masa ciwo, ya lanƙwasa shi kaɗan da yatsa. Ta duba allura, ta ce saura kaɗan. Ya ƙara. Ya saita shi yadda allura za ta kwanta tun da ɗan sauran mai a ƙasa, ya ce gara ta tsorata shi da wuri. Suka yi ta saukar da fulota a hankali, ba ta ƙara tsayawa ba.

Ya sake cire kan batir kafin ya kusanci tanki. Ya canza robar bakin da ta tsattsage da wata da ya daɗe yana ajiya a gwangwani, ya zura abin yadda ya fito, ya buga zoben da katako har ya zauna, ya mayar da waya da murfi da kafet da safaya. Da ya zagayo, Auta ta riga ta matsa kujerar fasinja. Makulli na tafin hannunta, ta miƙo masa da hannu biyu.

Ya zauna, ya shafa sitiyari, ya murza makulli. Shiru. Ko fitila ɗaya ba ta kawo ba. Ya sake murzawa, shiru. Ya ƙura wa gaban motar ido. Tunaninsa ya tafi kan wayoyi, ya tafi kan sitata, ya dawo bai kamo komai ba. Ya zauna a haka, hannu a kan makulli, kansa fayau kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya.

"Baba," in ji Auta a hankali, "kan batir."

Ya fashe da dariya, ita ma ta taya shi. Ta ce kowa na yin haka, ita ma takan nemi almakashi yana hannunta. Ya fita ya ɗaura, ya dawo, bugu ɗaya mota ta tashi. Allura ta ɗan ɗaga kai daga ƙasa ta tsaya, daidai da ɗan man da ke ciki.

Amma bai sa giya ba. Gaskiya Auta ta faɗa, kowa na yin haka. Sai dai shi ya san tsawon lokacin da ya yi yana lalube a cikin kansa, a kan abin da ya cire da hannunsa yanzu-yanzu. Wataƙila murna ce ta ruɗa shi, wataƙila ba ita ba ce. Daga inda yake zaune ba zai iya sani ba, kuma ya gaji da zama da tsoro shi kaɗai.

"Likitan nan naki," ya ce, idonsa na kan hanya, "wace rana yake zama?"

"Haba Baba, ai an gano. Ba kai ba ne."

"An gano na mota. Ni ba a duba ni ba. In lafiyata lau, mu dawo in yi ta yi miki gori har ki gaji. In kuma akwai abin da ke maƙalewa, gara a gani tun da sauran mai." Ya juyo ya dube ta. "Amma ni zan tuƙa mu."

Auta ta dube shi, idonta ya kawo ruwa. Ba ta ga tsoro a fuskarsa ba, kuma ita ma ta ji nata ya ragu. Ta jawo ƙofarta ta rufe, ta gyara zama.

"Kai za ka tuƙa, Baba."

Ya taka kuloci ya sa giya.